Babi na Biyar: Zaɓen Launi ga Bargon Yaro

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake harhaɗawa daga guntayen yadi, akwai cikon auduga a tsakiya, akwai shafi a baya, sai a bi su gaba ɗaya da ɗinkin da ke ratsa hawa ukun don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce ta lifidi, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi. Amma inda aka mayar da ita aikin ɗaki, har ta zama kyautar da kaka ko gwaggo ke zama ta ɗinka wa jaririn da ake jira, Amurka ce, musamman daga ƙarni na 19 zuwa yau, kuma daga can yawancin ƙa'idojin zaɓen launin da ake yayatawa suka fito. Wadda ta fi shahara ita ce a fara tambaya mace ce ko namiji. In mace ce a nemo ruwan hoda, in namiji ne a nemo shuɗi mai haske, sannan komai ya zama fari-fari mai sanyi a ido tunda na yaro ne. Wannan ƙa'ida ta biyo kayan jarirai na kanti ta shigo kasuwanninmu, har mai juna biyu takan jinkirta sayen shawul don ba ta san abin da za ta haifa ba. A ganina an fara daga inda ya kamata a ƙare. Ko ja za a sa ko kore ko shuɗi, wannan shi ne hukunci mafi sauƙi, kuma shi ya fi jure kuskure. Abu biyu ke raba bargon da zai yi wa yaro shekaru yana da kyau da wanda zai mutu a ido tun kafin a yaye shi: tazarar haske da duhu tsakanin kowane ƙyalle da na kusa da shi, da kuma ko rinin zai tsaya bayan ruwa da sabulu da rana sun yi ta bi ta kansa.

A fara da idon wanda za a ɗinka wa. Sabon jariri yana gani, amma dishi-dishi. Abin da babba mai lafiyar ido zai rarrabe daga nesa, shi sai an matso masa da shi ninki ashirin ko fiye, kuma inda ya fi gani bai wuce tazarar fuskarsa da ta mahaifiyarsa yayin shayarwa ba, wajen santimita 20 zuwa 30. A 1963 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Cleveland na jihar Ohio, Robert Fantz, ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Ya riƙa kwantar da jariran da ba su wuce kwana biyar ba, yana nuna musu faya-fayai ɗaya bayan ɗaya, yana lura da ƙwayar idonsu yana ƙirga tsawon lokacin da suka ɗauka suna kallo. Uku daga cikin faya-fayan zanen baƙi da fari ne: fuskar mutum, da'ira cikin da'ira, da guntun shafin jarida. Sauran ukun launi ne zalla babu zane, ja da fari da rawaya. Jariran sun fi daɗewa a kan masu zanen, nesa ba kusa ba. Abin da ke kama idon jariri shi ne iyaka, wato layin da haske ya ƙare duhu ya fara. Fili guda mai launi ɗaya, komai kyawunsa, ba shi da inda ido zai sauka ya tsaya.

Ganin launi kuwa a hankali yake zuwa. Gwaje-gwajen da Russell Adams da abokan aikinsa suka yi a Kanada sun nuna yawancin sababbin jarirai suna iya bambance jan da ya ciza daga ruwan toka in filin yana da girma, amma kaɗan ne ke iya yin haka da shuɗi. Sai wajen wata biyu zuwa uku ƙwayoyin ganin launi iri uku da ke cikin ido suke kama aiki tare. A 2017 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, cikinsu har da Alice Skelton da Anna Franklin, suka nuna cewa 'yan wata huɗu zuwa shida sun riga sun kasa launuka gida biyar, wato ja, rawaya, kore, shuɗi da shunayya. Sai dai da sharaɗi, kuma a nan ƙa'idar fari-fari take faɗuwa: launin sai ya ciza. Ƙarfin ido na gano launin da aka sirka da fari ƙwarai yana ci gaba da ƙaruwa har yaro ya kai shekarun balaga. Saboda haka bargon da aka haɗa da ruwan hoda mai haske da ruwan madara da shuɗin da ya kusa zama fari, wanda babba ke gani launuka uku masu taushi, a idon ɗan wata biyu kusan fili ɗaya ne. Masu zuwa barka za su yaba, mai bargon kuwa bai ga tsarin ba. A nan dole a yi hattara kada a wuce gona da iri. Masu sayar da kayan wasa sun ɗauki binciken Fantz sun mayar da shi talla, suna cewa zanen baƙi da fari yana ƙara wa jariri basira, alhali binciken bai faɗi haka ba. Tsawon kallo aka auna, kuma dogon kallo shaida ce ta cewa ido ya ga abu, bai kai ya zama shaidar cewa ƙwaƙwalwa ta ƙaru da komai ba. Jaririn da ke ganin fuskar uwarsa da inuwar ganye a bango da zanen zanin goyo bai rasa abin kallo ba. Iyakar abin da hujjar ta ba mu shi ne, in ana so yaro ya ga bargonsa, a sa masa iyakokin da idonsa zai iya kamawa.

Mai lura zai ce duk wannan bayani a kan jariri ne, alhali likitoci sun hana a lulluɓe jariri da irin wannan bargo. Gaskiya ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta nanata cewa a kwantar da jariri a rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, kuma kada a bar matashi ko bargo ko wani abu mai laushi a inda yake barci har ya cika shekara, saboda haɗarin toshewar numfashi. Wannan ya fi kowace maganar launi nauyi, kuma duk wadda za ta ba da kyautar bargo ya kamata ta haɗa da wannan jan kunne. A shekarar farko aikin bargon shimfiɗa ne a ƙasa, yaro ido biyu, babba na kusa, lokacin da ake kifa shi ya koyi ɗaga kai da rarrafe, fuskarsa tana daidai tazarar da yake gani. Amma in aka bi wannan ƙorafi zuwa ƙarshensa, ƙarfafa maganar yake yi. Ainihin aikin bargo yana farawa bayan shekara guda, a daren sanyi, a ɗakin da aka rage fitila ko aka ɗauke wuta, kuma a irin wannan haske kowa, yaro da babba, ya kusa rasa ganin launi. A can bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu rarrabe launi suna bukatar haske sosai. In ya ragu sai aikin ya koma hannun ɗaya irin, waɗanda suka fi su yawa kusan ninki ashirin, masu gani a duhu amma ba su san launi ba, iyakarsu su ce wannan ya fi wancan haske. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura tun farkon ƙarni na 19 cewa da jijjifi jan abu yakan koma kamar baƙi, shuɗi kuwa ya yi kamar ya ƙara haske. Bargon da aka haɗa da ja da kore da ruwan lemo masu nauyi ɗaya yana ɗaukar ido da rana, amma bayan isha'i jan ya nutse, sauran su haɗe, tsarin da aka sha wahalar yankawa ya watse. Wanda aka gina a kan haske da duhu kuwa taurarinsa da layukansa suna nan ko da hasken 'yar ƙaramar fitila ne, kuma a wannan lokacin ne yaro ya fi zama da bargonsa yana bin zanen da yatsa.

Gwanayen ɗinki sun san haka tun kafin a auna shi a ɗakin gwaji. Akwai wani tsari da ya yi tashe a Amurka daga shekarun 1860, wanda suke kira bukkar katako. Ana fara shi da ɗan murabba'i a tsakiya, galibi ja, sai a riƙa kewaya shi da siraran ƙyallaye, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu, har kowane gida ya rabu biyu a karkace. Ba ruwan tsarin da launin kowane ƙyalle. Ana iya zuba tsohuwar riga da guntun labule da ragowar zani, muddin an ware masu haske gefe guda masu duhu gefe guda, to da an jera gidajen sai manyan layuka su bayyana, kuma da juya gidajen kawai ana samun fasali daban-daban. In aka yi sakaci aka sa matsakaici a inda ake bukatar mai duhu, wannan gida ya fita daga tsarin ke nan, ko da launinsa ya fi na kowa kyau. 'Yan ɗariƙar Amish, Kiristocin da ke gudun ado, ba sa amfani da yadi mai zane, kuma na jihohin Ohio da Indiyana sun riƙa ɗinka wa jariransu ƙananan barguna a farkon ƙarni na 20 da baƙi ko shuɗi mai duhu a matsayin fili, su dasa ja da shunayya da kore a kai, launukan su yi ta haskawa saboda duhun da ya kewaye su. Akwai tarin irinsu a gidan adana barguna na Jami'ar Nebraska da ke Lincoln. Sai matan Gee's Bend, wani ƙauye a lanƙwasar kogin Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayin da suka noma auduga a wurin, waɗanda aikinsu ya girgiza masana fasaha da aka baje shi a Houston da New York a 2002, har hukumar gidan waya ta buga hotunansa a kan kan sarki a 2006. Ɗaya daga cikin fitattun bargunan, na Annie Mae Young, an yi shi ne a 1976 da tsofaffin wandunan aiki shuɗaye da suka koɗe, ga tabon duhu a inda aka ɓalle aljihu, sai tsakiya mai ratsin ja da rawaya. Talauci bai ba waɗannan mata zaɓin launi mai yawa ba, amma ya bar musu ido mai gane wane ƙyalle ya fi wane nauyi, kuma wannan ya isa. Masaƙanmu ma a kan wannan turba suke, domin luru da saƙi sun fi dogara da farin zare da baƙin shuni.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a zaɓen launi shi kaɗai bisa sunansa. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke babban birnin Faransa, aka kuma kawo masa ƙarar cewa baƙin zaren da sashensa ke rinawa ba ya ciza. Ya gwada zaren ya tarar rinin lafiya lau. Laifin na maƙwabci ne, domin baƙi in ya zauna kusa da shuɗi ko shunayya ido yakan ga kamar ya sirka. Daga nan ya rubuta littafinsa na 1839 a kan yadda launuka ke canza juna in suka haɗa iyaka. Ma'anar wannan ga mai ɗinki ita ce ƙyalle ba shi da haske ko duhu na ƙashin kansa. Ruwan ƙasa mai duhu ne kusa da ruwan madara, mai haske ne kusa da baƙi. Don haka ba a yanke hukunci a kan bandir yana jingine shi kaɗai a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago, ko a Kantin Kwari ne ko a wata kasuwar. A fito da yadukan hasken rana, a jera su kamar yadda za su zauna a bargo, a ja da baya taku biyar ko shida, a kanne ido har zanen ya dushe. Waɗanda suka narke cikin juna nauyinsu ɗaya ne. Mai waya a hannu tana da hanya mafi sauƙi, ta ɗauki hoto ta mayar da shi baƙi da fari, nan take za ta ga abin da launi ya ɓoye mata. Yawancin masu wannan gwaji sukan tarar duk abin da suka saya matsakaici ne, don matsakaitan launuka su ke jan ido a kasuwa, kuma ja da kore sun fi kowa yaudara: a ido kamar gabas da yamma, a hoton kuwa toka ɗaya. Rawaya da asalinta mai haske ce, shuɗi da shunayya masu cizawa suna ɓangaren duhu. Atamfa mai manyan furanni tana da tata matsalar, domin in aka yanka ta kamar faɗin tafin hannu wani guntu zai fito fari wani ya fito baƙi, saboda haka sai bayan yanka ake kasa ta, kuma tana bukatar yadi marar zane a gefenta inda ido zai huta.

Sai a dawo kan ruwan hoda da shuɗi. Jo Paoletti ta Jami'ar Maryland, a littafin da ta fitar a 2012 kan tarihin tufafin yara a Amurka, ta nuna cewa har ƙarshen ƙarni na 19 fararen kaya ake sa wa jarirai maza da mata, don fari ne ke jure tafasawa da bilic. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai ta ba da shawarar ruwan hoda ga namiji, a cewarta ya fi ƙarfi, shuɗi kuma ga mace. A 1927 mujallar Time ta jera manyan kantunan biranen ƙasar, aka ga wasu na ba namiji ruwan hoda wasu na ba mace. Rabon da muka sani yau bai kankama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ƙara tsauri a shekarun 1980 da hoton ciki ya ba iyaye damar sanin jinsi kafin haihuwa. Akwai masu ja da wannan labari. Marco Del Giudice ya bincika tarin littattafan da aka zuba a kwamfuta, ya ba da rahoto a 2012 cewa bai ga alamar wani zamani da kowa ya yarda ruwan hoda na maza ne ba. Ƙorafinsa yana da tushe, kuma bai kamata a riƙa cewa an taɓa kifar da al'adar gaba ɗaya ba. Amma hujjarmu ba ta bukatar haka, ya ishe ta a ce shekara ɗari da suka wuce masu sayarwa kansu ba su daidaita ba. Yaran ma sun ba da tasu shaidar. A gwajin Vanessa LoBue da Judy DeLoache na 2011, inda aka riƙa miƙa wa yara abu biyu ɗaya ruwan hoda, ba a ga bambanci tsakanin maza da mata ba sai daga shekara biyu zuwa biyu da rabi, lokacin da yaro ke fara gane ko shi namiji ne ko mace yana kuma kwaikwayon abin da ya ga ana yi. Wani binciken na 2021 a ƙauyukan Peru da Vanuatu da dazukan Kwango, inda kantunan zamani ba su yi tasiri ba, bai sami wannan bambanci ba. Wadda ke son ruwan hoda don yana ba ta sha'awa ta sa abinta, amma ta ba shi abokin zama mai duhu, ruwan hanta ko shuɗi mai cizawa, ta kuma tuna bargo mai kyau yakan sauka daga wa zuwa ƙanwa, daga ya zuwa ƙane.

Rabi na biyu na maganar shi ne rini, kuma a nan ne kyawun ranar suna yake rabuwa da kyawun shekara ta biyar. Bargon yaro ya fi kowane bargo shan wanki, ga fitsari ga tumbuɗi ga miya ga ƙurar hunturu. Matan Amurka na ƙarni na 19 sun koyi darasin da tsada. A tsakiyar ƙarnin an yi yayin barguna masu jan fure da koren ganye a kan fari, kuma da yawa daga waɗanda suka rage, musamman na ƙarshen ƙarnin da aka yi da sababbin rinin kamfani, furannin suna nan jawur amma ganyen ya koma ruwan ƙasa. Jan da ya tsaya shi ne wanda ake kira jan Turkiyya, da ake samu daga saiwar wani tsiro ta hanyar aiki mai matakai da yawa na makonni, kuma duk da tsadarsa shi mata suka riƙa nema. Shi ya sa da aka baje barguna fiye da 600 masu ja da fari zalla a New York a 2011, ana iya ganin na shekara ɗari da ɗoriya da jansu bai gushe ba. Abokin tafiyarsa shi ne baba, rinin da marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, take yi har yau. Shuɗin baba in an rina da kyau an ɗauraye sosai yakan sassauta da shekaru amma yana nan shuɗi. Turkuɗi irin na Kura kuwa, wanda ake buga wa shuni har ya yi ƙyalli yana shafar fata, ba na bargon yaro ba ne, domin yaro sai ya tsotsi gefen bargonsa. Haɗarin da ke tattare da shawarar wannan babi a bayyane yake: duk wanda ya ajiye duhu kusa da fari ya buɗe ƙofar zuba, kuma ja guda mai zuba ya isa ya lalata aikin wata uku a wanki ɗaya. Maganin shi ne a gwada kowane yadi kafin almakashi ya taɓa shi. A jiƙa guntunsa a ruwan zafi da sabulu tare da farin ƙyalle, a bar su su kwana, a duba. In farin ya ɗauki launi a sake wankewa har ruwan ya fita fes, in ya ƙi a ajiye yadin don wani aikin. Jiƙawa a ruwan gishiri, wadda mata da yawa suka yarda da ita, ba ta kama rinin da ya riga ya ƙi zama. Amfanin gishiri yana cikin tukunyar rini ne, inda yake taimaka wa launi ya shiga zare, kuma abin da ake gani ya ragu bayan jiƙawa rarar rini ce da ruwa ya kwashe. Wankin farko yana kuma sa auduga ta gama tsukewarta kafin ɗinki. Bayan haka sai shanya a inuwa, shafi a sama, don rana ta fi sabulu cin launi.

Wasu za su ce launuka masu ƙarfi suna hana yaro barci. Abin da aka tabbatar yana jinkirta barci shi ne hasken da ke shiga ido daga fitila da fuskar waya da talabijin. Yadi ba ya fitar da haske, kuma an riga an ga abin da ke samun launi da zarar an rage fitila. Ƙorafin cewa irin waɗannan launuka suna jan sauro ya fi wannan ƙarfi. Masu bincike a Jami'ar Washington sun nuna a 2022 cewa sauron da ke yaɗa shawara, in ya ji iskar da mutum ke fitarwa, yakan nufi ja da ruwan lemo da baƙi ya ƙyale fari da kore. Sai dai wannan sauro da rana ya fi cizo. Mai kawo zazzaɓin maleriya da dare yake farauta, yana bin numfashi da warin jiki da ɗumi, kuma babu launin bargon da zai maye gurbin gidan sauro mai magani. Ƙorafin da ba zan iya turewa ba shi ne na mai cewa ita dai launuka masu sanyi take so, tana ganin natsuwa a cikinsu. Wannan haƙƙinta ne, kuma akwai barguna masu taushin launi da suka ƙayatar ƙwarai. Abin da zan roƙa shi ne ta san farashin: launin da ya fara da rauni ba shi da rarar da zai bayar in koɗewa ta zo, kuma shi ya fi nuna tabo. Ko siririn layi ɗaya mai duhu da ya kewaya kowane gida, da baki mai duhu a gefen da hannu ke yawan kamawa, zai riƙe tsarin bayan sauran sun dushe.

In yaron ya kai shekara uku ko huɗu, to yana da bakin magana, kuma a ba shi. Tunda sunan launi shi ne hukuncin da ya fi jure kuskure, shi ne kuma wanda za a iya sakar wa yaro ba tare da fargaba ba. In ya ce kore, sai babba ta nemo koren da ya kusa fari da matsakaici da wanda ya kusa baƙi, ta ƙara ɗigon kishiyarsa kaɗan, ja ko ruwan lemo, kada a raba su daidai wa daida don kada su yi ta gasa. Wannan tsari yana kuma kare yaron da ba a riga an gane yana da matsalar rarrabe ja da kore ba, wadda ke samun kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a tsakanin Turawan arewacin Turai, ƙasa da haka a Afirka, mata kuwa ba safai ba. Irin wannan yaro ba a cika gano shi ba sai ya shiga makaranta, amma haske da duhu yana ganinsu kamar kowa. Inda ya kamata babba ta ɗan ja shi ne yadi mai hoton jaruman katun, domin son da yaro ke yi musu yakan wuce cikin shekara ɗaya ko biyu, bargon kuwa ana fatan ya kai goma. Wurin irin wannan yadi shi ne shafi ko rigar matashi, inda yaro zai same shi duk lokacin da ya so, kuma in ya girme shi ana iya ɗora wani a kai ba tare da an warware fuskar da aka sha wahalar haɗawa ba.